Jini a Jikin Kututture

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba? Auta fa, tana zuwa makaranta?

Ni lafiya lau. Kada rubutuna ya tsorata ki, da hagu nake yi. Kin san ina aiki wurin wata mai sassaƙa. Mun jawo matattun bishiyoyi daga dajin da fari ya kashe, muka kakkafa a dandalin gari, muka shafa musu jan fenti don kowa ya ga abin da sare daji ke jawowa. Shekaranjiya sai ga masu saran katako da gatura, wai mun ci mutuncinsu. Suka hau sara. Na tare gaba, ɗaya ya maka mini ƙota a hannu, wani ya haɗa bakina da kututture. Haƙora biyu ne kawai suka fita, Inna, dama ɗayan na ciwo.

Uwar ɗakina ta ce kada a share komai. Jama'a na ta ɗaukar hoto, ba su san wanne ne fenti wanne ne jinina ba.

Na ji Kawu na son sare bishiyar ƙofar gidanmu. Ki sa ni a addu'a, shi kuma ki faɗa masa: wallahi hannuna na hagu lafiyarsa ƙalau.

Ɗanki.