Na Sa Wa Ƙofata Sakata

Zuwa ga babban ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da jikokina. Yaya aiki? Allah ya dafa maka.

Saƙonka ya iso ta bakin Auta, wai in rufe shago in dawo gidanka in huta. To buɗe kunnenka da kyau: ba zan rufe ba.

Gaskiya ne ranar Talata gyangyaɗi ya kwashe ni a kan keken ɗinki, har na ɗinke hannun rigar wata mata, babu ta inda hannu zai fita. An yi dariya, ni ma na yi. Amma ka tambayi kanka me ya hana ni barci? Tun ranar da sugana ya sauka na yanke jiki na faɗi, kuka raba dare a tsakaninku kamar masu gadi. Ina fara barci sai wayarka, wai muryata kake son ji. In na lallaɓa na koma, sai ga Auta da tocila, ta huda min yatsa za ta gwada. Kafin gari ya waye ƙanenka ya leƙo ya ga ko ina numfashi. Ga fitsari na tashina, ga tafin ƙafa na raɗaɗi, ga ku. Ciwon ma ya fi ku tausayi, shi wani daren yakan ɗaga min ƙafa.

Na san tsoro ne. Ni ma na tsorata ranar, ba zan ɓoye maka ba. Amma yatsun nan da kuke hudawa, da su na ɗinka muku kayan makaranta, kuma ba su gama aiki ba.

Jiya na kai kaina wurin likita na zayyana mata komai. Sai da ta riƙe baki. Ta rage min maganin dare, ta ce in riƙa gwadawa kafin in kwanta, kada in kwana da yunwa, kuma rashin barcin nan shi ma yana hautsina sugan. Daga can na wuce wurin kafinta. Yanzu ƙofata da sakata, waya a kashe, alewa a gefen filo. Na yi barcin da rabona da shi tun kafin faɗuwar nan.

In kana son sanin ko ina raye, ka biyo ta shago da hantsi. Tun daga bakin titi za ka ji ƙarar keke.

Ka gaida min matarka, ka shafa min kan yara.

Ni ce mahaifiyarka,
mai ɗinki har gobe.