Babana Ya Ɗaura Lakataye Ya Ce Lafiyarsa Ƙalau

Anti Maureen,

Don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa inda zan sa kaina. Ko a bakin aiki hankalina ba ya jikina, ga shi kuwa bas nake tuƙawa, rayukan mutane ne a hannuna.

Maganar babana ce, Stanley. Tsohon masunci ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jiragen kamun kifi, kuma har gobe gani yake babu abin da ya fi ƙarfinsa. A farkon bazara ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya yi jinya a asibiti, aka sallamo shi gida yana jan ƙafa. Shi kaɗai yake zaune tun rasuwar Mama.

Sai na ɗan koma baya ki fahimce ni. Lokacin ciwon Mama mun ga ta kanmu. Kuɗin lafiya na hukumar lafiya ne, kuɗin kula da tsofaffi na ƙaramar hukuma, kowa riƙe da jakarsa. Nas za ta zo ta wanke mata gyambon ƙafa, amma wanka ba aikinta ba ne. Mai kula za ta zo ta yi mata wanka, amma ba ta da izinin taɓa bandejin. Ka buga can a ce ka buga nan, ka buga nan a ce ai na can ne. Shi ya sa da aka ce a garinmu an zuba kuɗin a asusu ɗaya, ma'aikatan sun koma ƙungiya ɗaya, mutum ɗaya zai zo ya duba komai ya yanke shawara, har hamdala na yi.

Aka sa ranar da wata ma'aikaciyarsu, Yvonne, za ta zo duba Baba, ta ga irin taimakon da yake buƙata. Ranar na kasa samun wanda zai canje ni a aiki, shi kuma ya ce in tafi abina, ba yaro ba ne shi. Ashe da shirinsa. Ya kira Doreen maƙwabciyarsa, ta share gidan tas, ta yi masa aski, ta taya shi sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, har da lakataye. Ƙarfen da yake dafawa ya yi tafiya suka kai rumbun bayan gida. Fo ɗin fitsarin da ke gefen gadonsa suka tura ƙarƙashin bene. Aka fito da kofunan Mama na baƙi, aka jera biskit.

Doreen ce ta ba ni labari, wai har da alfahari. Duk abin da Yvonne ta tambaya, amsarsa ɗaya: "Ba laifi, 'yar nan, ana lallaɓawa. Ki kai taimakon ga waɗanda suka fi ni buƙata." Ya cije ya miƙe da kansa ya zuba mata shayi, ya raka ta har ƙofa yana ba ta labarin teku. Tana fita ya zube a kujera, sai washegari ya iya ɗaga kai.

Ban ga laifin Yvonne ba, abin da ta gani ta rubuta. Aka ce a kafa masa ƙarfen dafawa a banɗaki, a riƙa bugo masa waya jefi-jefi. Shi ke nan! Da can in wannan ƙofa ta rufe sai ka ƙwanƙwasa waccan. Yanzu ƙofar ɗaya ce, kuma Baba ya rufe ta da hannunsa, yana murmushi.

Gaskiyar kuwa, ba ya iya shiga baho, ba ya iya ɓalle maɓallin riga, maganinsa yana haɗa na safe da na yamma. Ni ce nake zuwa kafin aiki da bayan aiki, in ɗaga shi in kwantar, bayana har ya fara ƙara. Makon jiya na same shi a ƙasan kicin, ya jingina da firji, wai yana duba ko akwai ɓera. Da na ce zan kira Yvonne, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Ke dai kada ki tona mini asiri a gaban baƙi. Yi mini alkawari." Idonsa ya ciko, ni kuma ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Mama. Na yi alkawarin.

Yayana Graham yana can kudu, taimakonsa a waya yake. Shi a wurinsa abu mai sauƙi ne, a sayar da gida a kai Baba gidan tsofaffi. In aka raba Baba da tagar da yake hango teku, an gama da shi.

Anti, in na yi magana na karya alkawari, na kunyata mutumin da mutuncinsa kaɗai ya rage masa. In na yi shiru, wata rana zan buɗe ƙofar nan in tarar da abin da nake tsoro. Wallahi na gaji, kuma ina jin haushinsa, ina kuma jin kunyar haushin. Yaya zan yi?

'Yar Masunci

*

'Yar Masunci,

Sannu da ƙoƙari. Haushin da kike ji na gajiya ne, kada ki ɗora wa kanki laifi a kansa.

Babanki ba maƙaryaci ba ne. Mutanen zamaninsa haka aka rene su: baƙo ba ya ganin datti, kuma ba a kai kuka wurin hukuma. Yvonne ya karɓa a matsayin baƙuwa, alhali ita aiki ta zo yi. Mutuncin da yake karewa abu ne mai daraja, ban ce ki taka shi ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma alkawarin da zai bar tsoho kwance a ƙasa ba abin riƙewa ba ne.

Ƙofar nan ɗaya da kike kuka da ita ba ta kulle ba. Amfaninta ke nan ma: mutum ɗaya za ki gaya wa, ba za a yi ta wasan ƙwallo da ke ba. Ki kira Yvonne ki ce ya faɗi, yanayinsa ba yadda ta gani ba ne, a sake dubawa. Na tabbata ba shi ne tsoho na farko da ya sa mata kwat ba. Ki nemi a duba naki nauyin ke ma, mai jinya tana da haƙƙi.

Sai dai kada ki yi a bayan idonsa. Ki zauna da shi tukuna ki ce kin janye alkawarin, ki faɗi dalili. Kada ki ce masa ya kasa. Ki ce ke ce kika kasa, bayanki ya gaza, kuma kina tuƙa mutane da barci a ido. Abin da ba zai karɓa don kansa ba, zai iya karɓa don 'yarsa. Ki tuna masa ba sadaka ba ce, harajin da ya yi ta biya ne ya dawo masa. Ki kuma nuna masa cewa mai zuwa ta yi masa wanka ita ce za ta bar shi a gidansa, shirun nan kuwa gidan tsofaffi zai kai shi.

Ranar dubawar ki kasance a wurin ko da me. Ki roƙi Doreen ta ajiye tsintsiyarta. Graham kuma ya hau jirgin ƙasa ya zo ya karɓe ki na 'yan kwanaki, ya ga abin da idonsa kafin ya sake ba da shawara.

Zai yi fushi, watakila ya yi kwanaki ba ya kula ki. Ki daure. Uban da ke zaune a kujerarsa yana hararar ki, yana nan da ransa, kuma gobe ma za ki same shi.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki hutu.

Anti Maureen