Gadar da Ke Kan Ambulan

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ina Yaya da yaranta? Allah Ya sa kowa yana ƙalau.

Na san halinka. Ba ka karanta ko layi ɗaya ba sai da ka kara ambulan ɗin nan a bakin buta, tururi ya ɗago maka kan sarkin. To, ka dube shi da kyau kafin ka jefa shi gwangwaninka cikin tsofaffin kawunan sarkin da kake tarawa masu hoton gadojin dutse. Wannan doguwar gada mai igiyoyin ƙarfe da ke jikinsa, ita ce wadda nake aiki a kanta. Gidan waya uku na zaga kafin na samo maka.

Na ce a kanta, amma gaskiya a ƙarƙashinta muke. Da igiya ake sauke mu, mu kankare tsatsa, mu shafa fenti, ruwa yana can ƙasa. Mai zanen bai sa mu ba.

Kada rubutuna ya dame ka, da hagu nake yi. Igiya ce ta ɗan zame ranar Talata, na bugu da ƙarfe a hannun dama. Likita ya ce sati uku. Ina ci, ina barci, abokin ɗakina yana ɗaura mini takalmi yana mini tsiya.

A sa ni a addu'a. Allah Ya ƙara girma.

Idan Inna ta ce ina nake tsayawa a hoton, don Allah ka nuna mata sama, wajen motoci.

Ɗanka.