Koci, Kada Ka Sake Barin Lamba Tara Shi Kaɗai

Zuwa ga Mai Horar da Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Yallaɓai, barka da aiki, barka kuma da nasarar da kuka samu a wasan da ya wuce. Ya gajiyar yaranka?

Sunana Bilkisu, ma'aikaciyar jinya ce ni a Germantown, jihar Maryland. Ƙorafi na kawo, amma ina rubuta shi ina dariya.

Mahaifina, Malam Tanimu, ya buga lamba bakwai a ƙungiyar unguwarsu a Zariya lokacin ƙuruciyarsa. Bara ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, muka ɗauko shi zuwa wurinmu. Ƙafa ta fara takawa, amma baki ya ƙi buɗuwa. Likitarsa ta ce harshen zai iya, kunya ce kawai, ba ya so jikokinsa su ji maganarsa tana harɗewa. Sai dai ya gyaɗa kai ko ya girgiza.

Ranar wasanku, bayan azahar a agogon nan, muka zaunar da shi gaban talabijin. Abokinsa Alhaji Isiyaku, mutumin Kumasi mai kanti a Landover, ya zo da ƙosai, da niyyar goyon bayan duk wanda zai ci mu, kamar yadda ya saba.

Ga ƙorafin nawa:

1. Kafin hutun rabin lokaci ka buga huɗu-uku-uku, 'yan gefe suna ta kutsawa, muka zura ɗaya. Ana dawowa sai ka cire ɗan gefen dama, ka sa ɗan baya. Yallaɓai, mutum biyar a baya saboda ƙwallo ɗaya tak?

2. Ka bar lamba tara shi kaɗai a gaba. Gola ya doko masa doguwa, ya yi tsalle tsakanin ƙartai biyu, in ta faɗo babu mai ɗauka. 'Yan tsakiya sun ja baya har suna taka ƙafar masu tsaron baya. Ba a jima ba abokan karawa suka farke, Alhaji Isiyaku ya miƙe yana rawa a falona. Na auna jinin Baba na ga ya hau, na ɗauki rimot zan kashe.

A nan ne Baba ya riƙe ni da hannunsa mai lafiya, ya dubi talabijin ya ce, “Wannan kocin ya mai da yaron nan maraya. A ba shi abokin tafiya.” Rawar Alhaji ta tsaya cak. Ni kuwa na durƙusa a gabansa ina kuka, shi yana cewa in kauce, na tare masa wasa.

3. Sai da aka kusa tashi ka sako ɗan gaba na biyu, kuma shi ya bayar aka ci ta nasara. Me ya zaunar da shi a benci duk tsawon lokacin nan?

Tun ranar Baba bai yi shiru ba. Ya bi tsofaffin abokan wasansa na Zariya a waya ɗaya bayan ɗaya. Yana jera wa jikokinsa tsarin wasa da dabino a kan faranti, suna amsa masa da Turanci, yana cinye 'yan bayan da ya ce sun yi yawa. Likitarsa ta tambaye ni abin da muka ba shi, na ce haushin koci.

Roƙona guda biyu ne. Idan muka ci ɗaya, a nemi ta biyu, kada a koma tsare gida. Sannan a riƙa fara wasa da 'yan gaba biyu idan abokan karawa suka cika bayansu. Kuskurenka ya yi mana rana, na gode, amma jinin tsoho ba zai ɗauki irinsa a kowane wasa ba.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare yaranka daga rauni, ya kawo mana kofi gida. Baba ya ce in gaishe ka da kyau, in kuma sanar da kai bai gama hucewa ba.

Wassalam.

Bilkisu Tanimu,
Germantown, Maryland