Na Tayar Da Surukina Daga Kujerar Ɗan Majalisa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai shirin ce mini "babba ne, bi shi kawai" ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ni ɗan Kaura Namoda ne, ina aikin tsaron ƙofar zauren majalisa a Abuja. Dokar wurin ba ta da wuya, in kai ba ɗan majalisa ba ne ba ka taka cikin zauren, sai ma'aikatan da aka ba kati na musamman, hatta masu riƙe wa onarabul jaka a bakin ƙofa suke tsayawa su miƙo takarda. Baƙi sama suke hawa wurin 'yan kallo, kujerun ƙasa kuwa kowace da sunan mai ita.

Kwanaki dattawa daga Kaura da Zurmi suka kawo koke kan yadda noma ya gagara saboda 'yan bindiga, cikinsu har da surukina, babban ɗan kasuwar hatsi ne, mutum ne da ko wurin hakimi ya shiga sai an shimfiɗa masa darduma. Na je karɓo musu katin baƙi, kafin in dawo ya ce wa sabon abokin aikina shi surukina ne, shi ko ya kauce masa. Ina shigowa na hango Baba a sahun gaba, ya cire takalmi, ya baza babbar riga yana jan carbi, ga ƙararrawar fara zama tana bugawa.

Na durƙusa har ƙasa na ce su yi haƙuri su taso, wurin na wani ne. Ya dube ni ya ce, "Kujera babu kowa bisa, kai kab bari in tsaya? Ba mu munka zaɓe su ba?" Na ce akwai lif da zai kai su sama ba sai sun wahalar da gwiwa ba, ya ce shi ba kaya ba ne. Dole na ɗauki takalmansa na tsaya har ya miƙe, abokan tafiyarsa na leƙe daga ƙofa. Da an shigo da sandar majalisa yana nan, da a ranar nan aikina ya ƙare, shi kuma a fitar da shi gaban kyamara.

To matata tana gidansu wankan jego, arba'in ta wuce da sati uku, ya hana ta dawowa, 'yata tun ranar suna rabona da ita. Sharaɗinsa in zo ƙofar gidansa gaban mutanen nan in ce na yi kuskure. Mahaifiyata har da kuka, wai kalma ɗaya ce mece ce a ciki.

Zuwa zan je, zan gaishe shi, zan ba shi haƙurin ɓacin rai, amma kuskure kam ban yi ba kuma ba zan faɗa ba, rufa masa asiri na yi. Ina son iyalina, rashinsu na ci na ƙwarai. Sai dai jama'a ku gaya mini, in na buɗe baki na ce kuskure ne, me zan ce wa yayan mahaifina? Tawagar Shinkafi na tafe wata mai zuwa, shi ne jagora, kuma har ya aiko a tambaye ni wace kujera ce ta fi kusa da shugaban majalisa.