Ranar da aka kunna inji

Litinin, 6 ga Afrilu, 1992
Hakimi ya yanka wa Fulani fili a bayan garinmu, kudu da Wara. Ba wucewa suke ba, sun kafa ruga. Daga tsakar gida ina jin kukan shanunsu. Inna ta ce in daina barin 'yata Ladi ta je bakin ruwa ita kaɗai, na daina.

Alhamis, 9 ga Afrilu
Arɗo Musa ya zo wurin maigidana, Baban Ladi. Ciyawa ta ƙare, za su ƙetara da shanu zuwa gungun da ke tsakiyar ruwa, suna son jirginsa ya raka su ya ɗauki 'yan maruƙa. Na ce kada ya yarda. Dariya ya yi, wai ni ko kaza ta yi tari sai na ɓuya.

Asabar, 11 ga Afrilu
Yau aka yi ƙetaren.
Ashe shanu a ruwa muryar makiyayi suke bi, yana iyo a gaba yana kira. Ba wanda ya faɗa wa Baban Ladi. Iska ta taso a tsakiya, ya kunna inji don ya yi saurin kai maruƙa. Ƙara ta danne kiran, shanu suka watse. Wasu ba su fito ba. Ya ce ko kallonsa Arɗo bai yi ba.

Laraba, 15 ga Afrilu
Shiru daga ruga. Da ma zaginmu suka yi. A kasuwa kowa da abin da yake faɗa mini, wai Bafillace ba ya mantuwa a kan saniya.

Lahadi, 19 ga Afrilu
Wata matar ruga, Dije, ta kawo nono ta ajiye, ta ƙi karɓar komai. Tana juya baya na zubar bayan danga. Har kajina na kora daga wurin.

Juma'a, 22 ga Mayu
Hadari ya fara haɗuwa, za a dawo da shanu. Arɗo ya zo da mutanensa, kowa da sanda a kafaɗa. Ta jikin zana na saurara.
"Kai munka zaɓa," in ji shi. "Amma ka aje injin gida, ka taho da filafili ka yi tuƙi da hannu."
Jirage sun cika Wara, me ya sa sai shi? Tsakiyar ruwa, ba inji, ba shaida. Na roƙi Baban Ladi kada ya je, har da kuka. Ya ce in bai je ba, da wane ido zai zauna a garin nan.

Lahadi, 24 ga Mayu
Na tsaya bakin ruwa tun da hantsi. Dije ma tana can, fuska a murtuke. Na matsa nesa da ita.
Can muka jiyo kiran, siriri, yana tahowa. Ƙahoni a jere, jirginmu a gefe, Baban Ladi na tuƙi a hankali. Sai ji na yi an damƙe mini hannu. Dije ce. Ashe makiyayin da ke iyo a gaba yana kira mijinta ne. Ta ce wancan karon shanu sun bi ta kansa, Baban Ladi ne ya jawo shi cikin jirgi. Bai taɓa faɗa mini ba. Ba ta sake ni ba sai da saniya ta ƙarshe ta taka ƙasa.
Da la'asar ta sake kawo nono. Na dama fura, na sha, na ba Ladi. Zafi ake yi, kada ya lalace ne kawai.