Allonmu Ya Ce Kwana 93 Babu Rauni, Yayana Ya Kasa Buɗe Baki

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin a sakaya sunana, in foman ɗinmu ya gani kashina ya bushe. Don Allah ku ba ni shawara.

Shekarata sha bakwai, ɗan Kurfi ne ni, da na gama jarrabawa na bi Yaya Lawal wurin ginin ɗakunan ɗalibai a Dutsin-Ma. Ɗaukar bulo aka fara ba ni, na ɗauki biyu na ji raina yana sallama da ni, sai Injiniya ya ga rubutuna ya miƙo mani alli. Akwai allo a bakin ƙofa, kullum da safe ni ke ƙara lamba, kwana kaza babu wanda ya ji rauni, in ko wani ya ji, a goge a koma farko. Injiniya ya ce da wannan masu ginin ke auna mu, in mun kai ɗari za su ba shi gini na biyu, mu kuma a yanka mana rago. Tun daga ranar, ko kan mutum ne ya cire, sai ya sa shi aljihu ya ce lafiya lau.

A kwana na 84 Yaya ya taka ƙusa mai tsatsa, ta huda silifas ta shige. Foman, wato Baba Sidi, ya ja shi bayan tankin ruwa, aka yi ta bugun wurin da katako wai mugun jini ya fita, aka ɗiga baƙin man inji. Ni na riƙe ƙafar ina ta dariya. Washegari na rubuta 85.

Yau 93. Tun shekaranjiya bakinsa ba ya buɗuwa sosai, koko ma da kyar yake zuƙa, wuyansa ya sandare. Ɗazu wani ya saki rodi ƙasa, ƙarar kawai ta sa jikinsa ya ƙame, bayansa ya lanƙwashe. Dariya ta ƙare mani. Na ce zan gaya wa Injiniya, tunda motar kamfani ke kai mai rauni asibiti, Baba Sidi ya ce sanyi ne kawai, in na sa aka goge allon nan ni da Yaya mu nemi hanyar Kurfi. Shi ma Yaya, ta tsakanin haƙora, ya haɗa ni da Allah in bari a cika sauran bakwai, matarsa na da tsohon ciki kuma aikin nan ne abincinsu. Inna ba ta sani ba.

Injiniya zai shigo bayan la'asar. In tare shi in faɗa, ko in bi maganar yayana? Ma'aikatan asibiti da ke gidan nan, don Allah, irin wannan ciwon yana jiran mutum kwana bakwai?